Gogen Kakana Daga Warra Zuwa Shanga

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Yauri, ni da kawuna, neman gogen kakana. Shi ya sassaƙa shi da hannunsa, yana yi wa masunta kiɗa a ƙauyenmu na tsibiri kafin ruwan Kainji ya cinye garin. Da aka tashe su, ya bar wa almajirinsa na kiɗa, bai daɗe ba ya rasu. Inna kuwa jikinta ya ƙi daɗi tun damina, kullum maganarta ɗaya, a kawo mata gogen Babanta. Mazan gidanmu sai "za a duba". Na gaji, na ja kawu muka fita.

A-kori-kurar da muka hau zuwa Warra, har awaki sun fi ni samun wurin zama. Hanya duk ramuka, amma murna ba ta bar ni na ji ciwon baya ba. Da tafkin ya bayyana sai da na yi ihu. Ruwa har inda ido ya ƙare, jiragen kwalekwale kamar an watsa ƙirare! Kifi kuwa arha kamar banza. Na ci soyayyen ragon ruwa da yaji har hancina ya zuba.

Mun sami almajirin kakana ya tsufa, ya je Makka ya bar kiɗa. Ya ce ƙwaryar gogen ta fashe a hannunsa, ya sa sabuwa, daga baya ya ba wani Bakambare abokinsa a Ngaski. Muka juya. A Ngaski matar Bakambaren ta ba mu kunu mai tsami, ta ce maigidan ya rasu, amma shi ya canza sandar da gara ta ci, ya kuma sake fatar damon da ke rufe da ƙwaryar. Kafin ya rasu ya miƙa wa wani mai jirgin fito a Shanga. Kawu ya ce mu haƙura. Na ce ya koma shi kaɗai.

Mun kwana a Yelwa, da hantsi muka isa Shanga, shinkafa kore shar a bakin Neja. Mai jirgin ya fito da goge daga jakar fata. Sai na lura izgar dokin da aka yi tsirkiyar da ita ma sabuwa ce fil.

Na ce, "Baba, ƙwarya ba tasa ba, sanda ba tasa ba, fata ba tasa ba. Mene ne na kakana a nan?"

Ya ce, "Ke ɗiyar ga, da bakinki kika riga ƙafarki zuwa? Zamna."

Ashe duk wanda ya karɓi gogen nan, sai an koya masa taken mai shi na farko, kuma ba ya taɓa wani kiɗa sai ya buɗe da shi. Ya shafa wa izgar ƙaro, ya goga taken kakana. Kawu, wanda tun jiya yake mita, ya juya mana baya yana share ido da hularsa.

Na ce a ba ni na kai wa Inna. Mai jirgin ya ce ba a ba wanda bai iya ba, goge a bango gawa ne.

Na ce, "To tashi mu tafi da kai!"

Ya dubi kawu. Kawu ya ce, "Haka take, ko mu mun gaji." Ya yi dariya, ya ɗaure jirginsa, ya biyo mu.

La'asar ta yi mana a gida. Na dawo da sanin cewa abin da na je ƙwatowa a matsayin gādo, mutum uku ne suka raya mana shi, ba wanda ya haɗa jini da mu. Inna ta sa aka tayar da ita zaune, ta saurara ido rufe har ya gama. Sannan ta ce, "Malam, ɗaure tsirkiyarka, ta yi sako-sako. Baba ba haka yake barin ta ba. Sake."

Ya ɗaure, ya sake.