Gumbar da Na Kai Dumega

Gari bai gama wayewa ba muka fito daga gida a Dogon Dutsi, ni da wata 'yar'uwa ta majami'armu da ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba. Dumega muka nufa. Goggona ce ta rasu, wadda ta raine mu ni da ƙanena, kuma ranar ce take cika kwana bakwai. Ban samu jana'iza ba. Labarin ma ba daga bakin ƙanena na ji shi ba, wata maƙwabciya ce ta buga mini waya. Tun da na zama Kirista gaisuwa kaɗai ta rage tsakanina da shi, ita ma sai in mun yi kiciɓis. Goggo ce ke riƙe da mu biyun. Yanzu da babu ita, ban san ko ina da sauran gida a Dumega ba, kuma wannan ne ya hana ni sukuni.

Kafin tafiyar na nemi shawara har na gaji. Wani dattijon majami'a ya ce in an ɗaga hannu ana fatiha kada in ɗaga. Wata ta ce in ɗaga, amma in yi tawa addu'ar a zuci. Matar fasto ta ce, "Ke dai ki je da ƙauna." To, ƙaunar a wane kwano zan zuba ta? Daga ƙarshe na tuna abin da Goggo ke yi in an yi rasuwa a unguwa: ran bakwai takan daka gumba ta kai sadaka. Na jiƙa gero, na daka da hannuna har kafaɗa ta yi tsami, na zuba sukari ba tausayi, na cika babbar roba.

A tasha direba ya ce kuɗin mota ya ƙaru saboda mai, ya kuma so ya ɗaura robar a sama tare da buhunan wake da wani bunsuru. Na ce atafau. Haka na rungume ta a cinya, mu huɗu a kujerar mutum uku. A Kore Mai Ruwa muka tsaya muka sayi ƙosai, wanda ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an saka masa abu. Daga nan muka bar kwalta muka hau jar hanya mai gargada. Gero ya riga ya shiga rumbu, sai kara a gonaki da shanun Fulani suna kiwo a ciki. Duk tsawon hanyar hannuwana nake kallo, ina tunanin in ɗaga ko kada in ɗaga.

Ashe wahalar banza na sha. Mun isa ƙofar gida babu tabarma ko ɗaya, babu malamai, babu hayaƙin girki. Na tsaya ina ƙirga kwanaki da yatsu, ko na yi kuskure ne. A cikin gida muka tarar da tsofaffi uku, ƙawayen Goggo, sun yi jugum. Da na buɗe robar sai ɗaya ta fashe da kuka, tana cewa, "Ɗiyar kirki! Ga wadda ta san an yi mutuwa." Ita ce ta gaya mini ƙanena ya hana komai: ba uku, ba bakwai, ba arba'in, wai duk bidi'a ce. Na san ya ajiye gemu ya ɗage wando, amma ban san abin ya kai nan ba. Ni a zatona addinin Goggo shi ne nasa.

Ana haka sai ga shi daga shago. Ya dubi robar, ya dube ni.

"Yaya, mine ne wanga?"

"Sadakar Goggo ce," na ce.

"Ke da ba ki ko salla, ke za ki kawo min bidi'a har cikin gida?"

Tsohuwar nan ta yi caraf ta ce, "Kai da kake sallar, mi ka kawo mata?"

Kai, jama'a! Nan fa gida ya kaure. Musulmi ta nan, Musulmi ta can, ni Kirista a tsakiya riƙe da murfin roba. Abokiyar tafiyata sai mintsinina take wai mu kama hanya. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta rufe ni, na rasa wa zan ba haƙuri. Da ƙyar na ce masa, "Allah ya sani ban san ka daina ba. Na kawo ne don kada a ce 'yar'uwarka ta zo hannu rabbana, kai ka ji kunya." Ya juya ya fita.

Sai bayan azahar ya dawo da nasa hukuncin. Yau ba mai taɓa gumbar. Gobe, da yake ba bakwai ba ce, a raba ta sadaka kamar ta kowace rana. Tsofaffi suka yi ta gunaguni wai kafin gobe ta yi tsami, kuma wa ya taɓa jin sadakar takwas? Ni dai abin da na fahimta ɗaya ne: gobe ya ce, ke nan kwana zan yi. Matarsa ta shimfiɗa mana a ɗakin Goggo, ta kawo tuwo da miyar kuka. Washegari aka raba gumbar, ta ɗan yi tsamin kuwa. Har yau ban san ko daidai na yi ko kuskure ba.

Shi da kansa ya rako mu tasha. Mota na shirin tashi ya leƙo ta taga, yana kallon gefe, ya ce, "Yaya, ke kin zo da abin da ba shi ba, amma kin zo. Ni ran da taki mutuwar ta zo, ban ko san yadda kuke yi ba. Mi ake kawowa?" Kafin in ba shi amsa direba ya ja mota.

Mun iso Dogon Dutsi da la'asar, jiki duk ya yi tsami. A hanya na gane abin da ya kunyata ni: na tambayi kowa yadda zan ƙaunaci ƙanena, ban da shi kansa. Shekara da shekaru ina addu'a a kansa, ban taɓa zama na ji abin da ya yarda da shi ba. Kwana biyu na yi ina juya tambayarsa, sannan na kira shi. Na ce ba a kawo komai, ya zo majami'a kawai ya zauna a layin gaba, inda dangi ke zama.

Ya ce, "To, zan zo. Amma ba ni yin waƙa."