Bangon Baba a Tashar Dakoro

Muna idar da sallar asuba muka bar Maradi, ni da mahaifiyata. Labari ne ya iso mana cewa za a rushe tsohuwar mangazar gujiya, wato ɗakin ajiyar gyaɗa, da ke bakin tashar Dakoro, wadda marigayi babana ya gina da ƙasa tun yana sabon ango. Inna ta ce sai ta yi mata kallon ƙarshe. Na kawo zancen ciwon gwiwarta, ta yi kamar da bango nake.

Direba ya cusa mu kamar buhunan gero, akuyar wani tana cin gefen rigata har muka isa. Gonaki duk an share, ana jiran ruwan shuka.

Ashe labarin ƙanzon kurege ne. 'Yan tasha sun roƙi meri, wato ofishin magajin gari, an bar musu ginin, sun rufa kwano, ya zama wurin jiran mota na masu zuwa Azagor da Bader Goula. Ga tela a lungu, ga mai cajin waya, ga mata Fulani da cukunsu na busasshen nono, wanda na saya da tsada saboda sun ga baƙo. Sai na waiga ban ga Inna ba.

Tana bayan ginin, ta tsare magina suna kwaɓa siminti za su shafe bangon.

"'Ya'yana, wa ya ce muku siminti na zama bisa ƙasa? Damina guda zai ɓare, ya tahi da bangon duka!"

Babbansu ya ce, "To Inna, mi za mu yi?"

Ta ce a jiƙa jar ƙasa da ciyawa da kashin shanu, a bar ta ta kwana uku ta ruɓa. Ita ce ta riƙa ɗebo wa Baba ruwa lokacin ginin, ni ban taɓa sani ba.

Kwana ukun nan a Dakoro muka yi su, gidan ƙanwarta. Ranar yaɓe ita ta fara mara wa bangon ƙasa da hannunta, tana kiran sunan Baba a hankali. Na yi hawaye, ba zan ɓoye ba.

Mun dawo gida lafiya. Abin da na koyo shi ne tsohon gini ba ya rasa amfani in mutane na wucewa ta ƙofarsa, sai dai a tambayi wanda ya san yadda aka ɗora shi. Da muka sauka Inna ta ce, "Baɗi ma ka kai ni. Yaɓe kowace shekara ne."