Breshna Unguwarzoma da Ƙuri'ar Matan Spinkwar

Goggona Breshna ba ta taɓa zama a aji ba. Unguwarzoma ce a ƙauyenmu Spinkwar, can saman kwarin Dir, sana'ar da ta gada wurin uwarta. Mijinta Sherin Zada direban babbar mota ne, rabin shekara yana hanyar Karachi, don haka ita ke riƙe da gida da gonar masara.

A garinmu mata ba sa zaɓe. Duk sa'ad da zaɓe ya matso, dattawa da 'yan takara sukan zauna a hujra, zauren maza, su sha shayi, su ƙulla cewa babu macen da za ta fita. Goggo ba ta damu ba, sai shekarar da haihuwa ta zo wa Wagma, 'yar maƙwabcinmu, da gardama. Aka ɗauke ta a gadon igiya za a kai ta asibiti, aka tarar ruwa ya cinye gadar da aka daɗe ana alkawarin gyarawa. A bakin rafin ta cika, hannunta cikin na Goggo.

Bayan sadakar arba'in Goggo ta tare Malak Sardaraz, babban dattijon garin, a hanya.

"Malak, gadar nan fa?"

"An gaya wa wakili, ƙanwata."

"Wakilin da kuka zaɓa siminti ya shimfiɗa muku a hujra. Da da ƙuri'armu ya hau, da ya san hanyar asibiti."

Malak ya yi dariya. "Ki ji da jarirai, ki bar mana ƙuri'a."

Ba ta bar musu ba. Babu gidan da ke rufe wa unguwarzoma ƙofa, sai ta riƙa gasa wa mai jego jiki tana tambaya, "Kina da katin shaida?" Yawancinsu ba su da shi. Da mijinta ya dawo ta sa shi gaba, ya kwashi mata a motarsa zuwa garin Timargara a yi musu katin.

"Na yi dakon awaki, na yi dakon kaji," in ji shi, "ban taɓa ɗaukar kaya mai surutu irin wannan ba."

"Tuƙa dai, Baban Spogmai. Wannan kayan shi ya haife ka," in ji Goggo, wadda da sunan 'yarsu take kiransa.

Zaɓen farko mu uku muka fita: ita, surukarta, da ni. A ƙofar makarantar firamare, inda ake kaɗa ƙuri'a, aka koro mu. Aka yi ta jifar rufin gidanta, wasu magidanta suka rantse ba za su sake kiranta ba. Amma naƙuda ba ta san rantsuwa ba. Kafin dusar ƙanƙarar kan duwatsu ta narke sun dawo ƙofarta suna sunkuyar da kai.

Da wani zaɓen ya zagayo, matan suka fita maɓuɓɓuga da safe kamar kullum. Can suka jere tulunansu, suka gangara makaranta a layi, Goggo a gaba. Ban taɓa ganin mayafai da yawa haka ba, ko a biki. Malak na tsaye a ƙofa da sandarsa, samari sun tare hanya.

Goggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ku matsa, 'ya'yana. Babu wanda ban yi wa wankan farko ba a cikinku. Ko in fara ba da labari?"

Mata suka kwashe da dariya, samarin suka dare. Sai Malak ya hango matarsa, Bibi Zarmina, a tsakiyar layi.

"Ke ma? Koma gida."

"Zan koma in na dangwala," in ji ta. "Shayinka na bakin murhu, ba zai huce ba."

Har la'asar mata na shiga suna fitowa da tawada a babban yatsa. Wanda Goggo ta zaɓa bai ci ba, amma wanda ya ci ya hau dutse da ƙafarsa ya zo gaishe ta, kafin rani kuma aka kafa gadar ƙarfe. Daga baya ta samu kujerar mata a majalisar ƙauye, inda ta hana dattawa sakat kan gadon 'ya'ya mata, har wasu suka karɓi filayensu.

Yanzu gwiwoyi sun ƙi ta, jikokinta mata ke riƙe ta zuwa rumfar zaɓe. In sun fito takan tambaye su wa suka zaɓa, su ce, "Sirri ne, Kaka." Har su isa gida tana mita.