Reza a Idon Wanzami

Mahaifina wanzami ne a Tsibiri, kuma duk wanda aka haifa a unguwarmu cikin shekara arba'in, da wuya in ba shi ya yi masa askin suna ba. Ni ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da suna ba, sai dai ya ce "uwata". Taurin kai na gada a wurinsa, da ƙin yarda a ga gazawata. Shi dai yana yin nasa shiru, ni kuwa nawa sai maƙwabta sun ji.

Ciwon sukari ya daɗe tare da shi kafin ya taɓa ido. Mun yi faɗa a kan shayi har na gaji, don Baba yakan ce ya daina sa sukari, alhali a aljihun zabirarsa yake ɓoye shi, tsakanin ƙahon tsaga da dutsen washi. Wata ranar kasuwa yana cikin yi wa wani aski, sai ya ga duhu ya zubo masa a idon hagu kamar an kaɗa tawada a ruwa. Ya ƙarasa askin da ido ɗaya, ya dawo gida ya rataye zabira a ƙusa, bai sake fita da ita ba. Sai bayan kwana goma ya gaya wa Inna, mahaifiyata, ita kuma ta gaya mini.

Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar firamare, a Maradi, muna zaune a unguwar Zariya da maigidana, ina da cikin wata bakwai, cikin fari bayan shekara shida da aure. Shekarar ce gari ya rabu biyu a kan maganar tazarce. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, ko'ina ka zauna gardama ake yi. Ni duk wannan bai kai mini idon Baba ba. Na kai shi likita, wato asibiti, aka duba, aka ce sukari ya lalata ƙananan jijiyoyin da ke can bayan ido. Na hagu sun fashe sun zubar da jini, aikin gama ya gama. Na dama kuma ya fara tsiro da wasu sababbi marasa ƙwari, in ba a tare su ba, su ma wata rana za su fashe. Aka ce akwai wani lokotoro, ƙwararren likitan ido, da ke zuwa daga Yamai da na'urar wannan aiki, yakan yi kwanaki kaɗan ya koma. Na yi ta zarya har na samo wa Baba ranar Alhamis.

Ranar Litinin na kira shi a salula daga tsakar lakwal, lokacin da yara suka fito shan iska. In kin taɓa tsayawa a tsakiyar yara ɗari da aka saki daga aji, kin san ko tunaninki ba kya ji.

Na ce, "Baba, an samu. Ranar Alhamis za a yi maka aikin idon, da leza."

Ya ce, "Da mi?"

"Leza, Baba. Leza."

Can ya ce, "A cikin idon?"

Na ce, "Can ciki, ta baya."

Ya ce, "To."

Aka kaɗa ƙararrawa, na kashe salula na koma aji ina jin daɗi, wai na gama da babban aiki. Ban yi masa wani bayani ba, don ni kaina abin da na sani game da leza bai wuce sunanta ba, kuma malamar lakwal ba ta son a gane haka.

Ranar Laraba da hantsi na tafi Tsibiri in ɗauko shi ya kwana a wurinmu. Na tarar da Inna ita kaɗai tana tankaɗe. Ta ce tun jiya ya tafi Jiratawa wurin ƙanwarsa, wai zai taya ta duba zogale. Mutumin da sai ya laluba yake samun takalminsa a ƙofar masallaci, shi ne zai je duba wa wata zogale. Ko ruwa ban sha ba na juya. A Maradi muka tarar an tare babbar hanya saboda masu zanga-zanga, direba ya yi ta kewaye da mu ta lunguna. Kafin in kai Jiratawa ƙafafuna sun kumbura, zuciyata ta fi su.

Na same shi a bakin magudanar ruwan da ke ratsa gonaki, a gindin mangwaro, ya miƙe ƙafa, rediyo a gefensa. Gwaggo tana kusa da shi tana zage ganyen zogale a faifai. Gaisuwar ma a tsaye na yi ta. Na faɗi zaryar da na yi, na faɗi ranakun da na bar ajina, na ce lokotoron nan ba don mu kaɗai ya zo ba, in ya koma Yamai sai mu zauna mu jira idon ya fashe. Baba ya rage wa rediyon murya.

Gwaggo ta ce, "Ke, da wanga ciki kike ɗaga murya haka? Zamna ki huta."

Na zauna, kuma da zaman sai kuka ya zo mini, abin da na fi tsana a gaban mutane. Na ce, "Baba, so kake in haihu ka ji ɗan da hannu kawai?"

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya ce, "Uwata, ɗaya ya rage mini. Da shi nike ganin hanyar masallaci."

"Ai shi ake so a tsare maka."

"Ke kin yarda da aikin ga?"

"Na yarda."

"Kin taɓa ganin wanda anka yi ma?"

Na ce ban taɓa ba. Ya gyaɗa kai, kamar dama abin da yake tsammani ke nan. Ya ce, "To, tunda ke kin ce, za ni. Amma sai mun biya Tsibiri, akwai abin da zan ɗauka."

Na yi ta gunaguni a mota, don daga Jiratawa zuwa Tsibiri sai an sake ratsa Maradi. A Tsibiri muka kwana. Bayan la'asar ya shiga zaure shi kaɗai, ina jin ƙarar ƙarfe a kan dutsen washi, a hankali, ba gaggawa. Na ce a raina tsoho yana kewar sana'arsa ne. Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tsaya a tsakar gida yana kallon abubuwa ɗaya bayan ɗaya, rumbu, turken awaki, bishiyar dogon yaro da ya dasa shekarar da aka haife ni. Ya dubi Inna ya daɗe, har ta tsargu ta gyara kallabi. Ya ce ta yafe masa. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina duba agogo, ina cewa, "Baba, ba Makka za ka ba, Maradi ce." Har yau in na tuna wannan magana kunya takan kama ni.

A likita aka ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido, muka zauna a benci kusan awa guda. Da aka kira mu, muka shiga wani ɗan ɗaki mai labule rufe. Lokotoron dattijo ne Bazabarme, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka da Faransanci yake mini magana ni kuma in juya wa Baba. Ya nuna kujerar da ke gaban na'urar. Baba bai zauna ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu naɗe a farin ƙyalle, ya warware. Askarsa ce, wadda ya gada a wurin kakana, mariƙinta ya yi baƙi don daɗewa, bakinta yana sheƙi.

Ya ce, "Uwata, gaya mishi. Ni ban san reza da amana ba. Ƙarhen banza ne, yana lanƙwasa a hannu, kuma ba ka san wanda anka yi ma aiki da ita ba. In dai sai an yanka, shi yanka da wagga. Jiya na wasa ta."

Na tsaya ina kallonsa. Sai a lokacin na ji muryata a tsakar lakwal tana cewa leza, leza, na kuma ji abin da ya shiga kunnensa. Kwana uku ke nan mutumin nan yana yawo da tunanin za a sa masa reza a cikin idon da ya rage masa, shi da ya fi kowa sanin abin da ƙarfe ke yi wa nama. Ya gudu Jiratawa, na bi shi na yi masa tsawa, ya dawo ya sa rigar Juma'a ya biyo ni don na ce na yarda. Na zauna a kujerar da aka nuna masa.

Lokotoro ya tambayi abin da ke faruwa, na gaya masa. Na zaci zai yi dariya, bai yi ba. Ya karɓi askar da hannu biyu, ya gwada bakinta a gashin hannunsa, ya ɗaga gira, ya ce in gaya wa Baba ko a ɗakin tiyata bai cika ganin mai kaifin wannan ba. Sannan ya kama hannun Baba ya ɗora a kan na'urar, ya ce ya laluba duk inda yake so. Baba ya bi ta da yatsu sama da ƙasa, ya shafa wurin ɗora haɓa, ya shafa madubin.

Ya ce, "Ina bakin?"

Na ce, "Ba ta da baki, Baba. Leza ce, ba reza ba. Haske ne."

Lokotoro ya yi bayani ina juyawa. Ya ce hasken zai shiga ta ƙwayar ido ya ƙona wurare ƙanana ƙanana a gefe-gefen bayan idon, don miyagun jijiyoyin su bushe, tsakiya ta tsira. Na yi jim kafin in ce "ƙona", don na ga abin da kalma ɗaya ta jawo mana, amma na faɗa. Baba ya karkata kai yana saurare.

Ya ce, "Ashe sakiya ce."

Na tuna yadda yakan gasa ƙarfe ya taɓa kumburi da shi don ciwo ya tsaya. Na ce, "Kusan haka ne. Sakiya da haske."

"To mi ya hana ki ce sakiya tun farko?"

"Kai mi ya hana ka tambaya?"

Ya naɗe askarsa ya mayar aljihu, ya ce in tashi masa daga kujera.

Aka ɗiga masa maganin kashe zafi, ya ɗora haɓa, lokotoro ya manna masa wani ɗan madubi a kan idon. Daga inda nake zaune ina ganin walƙiyar koren haske, ina jin na'urar tana ƙas, ƙas, ƙas. Baba yana jan carbi, kowane ƙas da ƙwaya ɗaya, har lissafin ya ƙwace masa ya bari. Sau biyu ya ɗan ja numfashi, lokotoro ya dakata, ya ce masa "sannu", ya ci gaba. Da aka gama Baba ya ce komai ya yi masa kore, kuma kansa yana sarawa. Ya tambaya ko shi ke nan. Da na ce shi ke nan na yau, sai ya yi wata ƙaramar dariya da rabon da in ji ta tun kafin ya rataye zabira. Ni kam ji na yi an sauke mini kaya, har yunwa ta taso mini a take, na sayi ƙosai a bakin ƙofar likita na ci a tsaye.

Sau uku aka yi masa, biyu a wannan zuwa, na ukun da lokotoron ya dawo. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce na hagu ba zai dawo ba, na dama kuma zai rage gani ta gefe, da magariba ma zai riƙa wahala, sannan in Baba bai rabu da sukarin zabira ba, aikin zai iya lalacewa. Haka ɗin kuwa aka yi, in rana ta faɗi sai an riƙe masa hannu. Sukarin dai ni na kwashe da kaina. Ko idon zai riƙe, wannan lokotoro ya ce sai lokaci ya nuna, kuma Baba ba mutum ne da za ka tambaya yaya gani ya gaya maka gaskiya ba. Kullum amsarsa "da godiya".

Na haifi mace. Ranar suna da safe aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Zariya, Gwaggo ta zauna da jaririyar a cinya. Baba ya zo da askarsa, amma ya miƙa ta ga wani abokin sana'arsa da suka taho tare daga Tsibiri, dattijo kamarsa. Ya ce mai ido ɗaya ba ya taɓa kan jinjiri. Ya ja kujera ya zauna kamar taku uku daga tabarmar. Ina bakin ƙofar ɗaki ina kallonsa, ban san ko yana ganin abin da ake yi ba ko kuwa ya juya fuska wajen kukan ne kawai.

Wanzamin ya gama, ya goge askar a ƙyalle, ya fara naɗe ta.

Baba ya ce, "Ba ka gama ba."

Abokinsa ya ce, "Na gama mana."

"Bayan kunnen hagu."

Gwaggo ta juya kan yarinyar, ta lanƙwasa ɗan kunnen da yatsa. Ga shi nan kuwa, wani ɗan siririn gashi da bai kai faɗin farce ba. Wanzamin ya sake warware askar yana cewa wasu mutane ko sun bar sana'a ba sa barin mutum ya sha iska. Ni na koma cikin ɗaki na zauna a bakin gado, na bar hawayen suka yi ta zuba, ina jin Baba a waje yana ce masa ya bi a hankali, ta wajen da gashin ya kwanta.