Baba Mai Keke da Likitoci Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe bakwai saura kwata Baba Mai Keke yake shigowa asibiti. Kafin ya gaisa da kowa sai ya fara da keken da yake tura marasa lafiya a kai: ya goge mazaunin da tsumma, ya ɗiga mai a ƙafar hagu mai kuka, ya tura shi gaba da baya ya saurara. Sannan ya tsaya bakin ƙofa yana jiran wanda ƙafafunsa suka gaza. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan tsayuwa, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

A da aikin bai taɓa ba shi ciwon kai ba. Gini uku ne kacal: na maza, na mata, sai ɗakin haihuwa. Likitoci biyu ne, kowannensu yana duba mutum daga kai har ƙafa. Ko ido rufe Baba zai kai ka inda ya dace.

Sai bara aka faɗaɗa asibitin. Aka ɗora bene hawa uku, aka kawo ƙwararrun likitoci goma sha ɗaya, kowa da fanninsa. Mu jama'ar gari mun yi murna, don an hutar da mu doguwar tafiya neman magani. Baba kuwa kansa ya ɗaure tamau.

"An raba mutum kashi-kashi," haka yake ce wa nas-nas. "Wannan ya ɗauki zuciya, wancan ƙoda, na sama ya ɗauki ido. To ni da nake turo mutumin ɗungurungum, wa zan ba?"

An kafa alluna a kowace kwana, amma karatun Baba ba ya sauri. Kafin ya gama haɗa baƙaƙen allo ɗaya, keke ya wuce ƙofa biyu.

Wata safiya aka kawo wani dattijo ƙafafunsa sun kumbura suntum. Wajen yankar kati ya cika, sai Baba ya yanke hukunci da kansa: ƙafa ai ƙashi ce. Ya tura shi hawa na uku wajen likitan ƙashi. Likita ya danna ƙafar da yatsa ya ce, "Baba, wannan ba nawa ba ne, gwada likitar zuciya." Likitar zuciya ta auna shi ta ce na ƙoda ne. Ɗakin likitan ƙoda kuwa yana ƙasa, taku goma daga ƙofar da suka shigo.

"Malam," in ji dattijon, "magani na zo nema ko zagayen gani da ido?"

A ranar, babbar nas ta kira shi ofis. "Baba, shekaru sun ja, ba laifinka ba ne. Amma in aka sake irin wannan, dole mu mayar da kai bakin get, ka riƙa buɗe wa motoci har lokacinka ya cika."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai. Saura wata takwas ya gama, a ce a karɓe masa keke a gaban yaran da aka ɗauka aiki jiya. Ya fita ya koma wajen kekensa.

Washegari, lokacin da abokan aiki suka tafi cin abinci, Baba ya fara bin ƙofofin likitoci ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Tambayarsa ɗaya ce: "Likita, wane irin mutum zan kawo maka?" Wasu suka yi dariya, wasu suka ce ya dawo anjima. Likitar zuciya, wadda a haife Baba ya haife ta, ta ba shi kujera ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya fito ya fi shigarsa ruɗewa. Wai ciwon hannu yana iya zama na zuciya, har ma ciwon muƙamuƙi, in ya zo da gumi. Bai gane ba ko kaɗan, amma ya haddace.

Bayan wata uku, wata mata ta zo tare da 'yarta, uwar ta dafe muƙamuƙi, jiri yana ɗibarta. A katinta an rubuta sashen haƙori. Baba ya ɗora ta a keke. Suna tafiya ya lura gumi yana tsattsafo mata a wuya alhali gari da sanyi, kuma tana ta murza hannunta na hagu.

A mararrabar hawa na biyu ya ja ya tsaya. Dama haƙori, hagu zuciya. Kati ya ce dama, kuma masu ilimi ne suka rubuta shi. In ya bi hagu ya zama kuskure, gobe yana bakin get. Ya dubi katin, ya dubi matar, ya sake duban katin. Sai ya karya keke hagu.

"Baba, ba nan aka ce ba fa," in ji 'yar.

"Na sani, 'yata. Ni ma ban gane ba. Mu dai je."

Likitar zuciya ta dubi matar sau ɗaya ta miƙe, ta kira nas biyu, aka shige da ita aka rufe ƙofa. Ba wanda ya ce wa Baba uffan. Ya tsaya da keke babu kowa a kai, bai san gyara ya yi ko ɓarna ba. Da ya ga awa biyu ta wuce shiru, sai ya ɗauka ta faru ta ƙare. Ya tura keken har ofishin babbar nas, ya jingine shi, ya ce ya zo karɓar makullin get.

Ta nuna masa keken. "Ɗauki kekenka, Baba. Likita ta ce da matar nan ta je ta bi layin haƙori, da ba ta ga la'asar ba."

Kai ne wannan, Baba, mai tura na kwance har ya tashi. Kai ne ka kai furfurarka ƙofar sa'annin 'ya'yan cikinka ka ce su koya maka. Sunayen likitoci goma sha ɗaya suna rubuce a alluna, kuma sun cancanta. Naka ba ya kan ko ɗaya, amma ta hannunka muke isa gare su.

Har yau in aka yabe shi sai ya girgiza kai. "Ku bar yabon nan," yake cewa. "Ku dai gaya mini, me ya haɗa haƙori da zuciya?"

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa kai ma ka sami mai tura ka da tausayi ranar da ƙafa ta gaji. Ku kuma da za ku gaji keken nan, da mu duka a wuraren aikinmu, in abu ya shige mana duhu mu ƙwanƙwasa ƙofa mu tambaya. Akwai wata uwa da ke zaune cikin 'ya'yanta yau, don wani tsoho bai ji kunyar cewa bai gane ba.