Maestra Ersilia da Muryar da Aka Goge

Shekara arba'in da ɗaya, ƙarfe tara na safe ba ta taɓa samun Ersilia Bonacini a gida ba. Takan jingine kekenta a ƙofar shagon Nello, ta sha kofi a tsaye, ta yi masa mitar ya cika ɗaci, sannan ta shiga gidan opera na garinmu, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, ta ƙofar ma'aikata. Daga nan sai ta sauka ƙarƙashin dandamali ta hau 'yar kujerarta a cikin rami. Ramin nan a bakin dandamali yake, an kife shi da murfi, 'yan kallo ba sa ganin komai sai ɗan tudu. Mawaƙa kuwa suna ganin fuskarta da hannayenta. Aikinta yi wa mawaƙa tuni ne. Kafin mawaƙi ya buɗe baki ta riga ta jefa masa kalmomin farko na baitinsa, da tazarar rabin numfashi, ba ƙari ba ragi. In ya yi gaggawa ta ɗaga masa tafin hannu, in lokacinsa ya yi ta nuna shi da yatsa.

Mu 'yan kujerun sama masu araha muna ta tafi, mun ɗauka duk haddar mawaƙa ce. Ina! Ku tambayi masu ɗinki da masu jan labule. Sun ga ranar da wata babbar mawaƙiya daga Milano ta tsallake shafi biyu cur, Ersilia ta kamo ta ta maido ta kan hanya kafin jagoran makaɗa ya ankara. Sun ga shekarar da kogi ya cika ya shigo ƙarƙashin ginin, ta yi wasa uku ƙafafunta cikin ruwa. Ba wanda ya ba ta takardar girma, mutanen gidan ne da kansu suka sa mata Maestra, wato babbar malama.

Cikin waɗanda ta yi rainonsu a wannan sana'a akwai Fulvio Tartaglini, ɗan mai gidan burodin unguwarmu. Allah ya ba shi murya, amma kansa rariya ne. Yana da shekara ashirin da huɗu ya fara hawa dandamali, ita ta riƙe shi baiti bayan baiti har duniya ta san sunansa.

Bara wani kamfani daga Roma ya zo ɗaukar wasan buɗe shekara a fim, da Fulvio a matsayin jarumi. Na kalli fim ɗin sau uku, kuma ba zan zalunce shi ba. Makaɗa sun yi abin a zo a gani. Hasken ya yi kyau, kuma a karon farko na ga hawayen jarumar da idona, abin da daga kujerata ta sama ban taɓa gani ba. Amma kyamarar da ta nuna mini hawaye ita ce ta nuna mini gam a gefen gashin bakin Fulvio. Mai shirya fim ɗin kuma, wani matashi Lamberto Cesarani, ya kwashe labarin daga fada ya kai shi tashar jirgin ƙasa, don me, shi kaɗai ya sani. Ya ba mawaƙa akwatuna su yi ta ja, har numfashi ya riƙa yanke musu a tsakiyar baiti.

Ranar da ya fara shigowa ya tsaya yana kallon murfin ramin.

"Wannan ƙusumbin fa? Na mene ne?"

"Ramin Maestra ne," in ji Direttore Ghidoni, shugaban gidan.

"A wane zamani muke ne? A cire, yana ɓata mini hoto."

Ersilia ta leƙo da kanta. "Ɗan nan, tun ba a haife ka ba nake cikin ƙusumbin."

"Sinyora, ba raini ba ne. Na'urata ko ƙuda ya yi tari sai ta ɗauka."

A gaban mutane Fulvio ya ɗaga kafaɗa ya ce shi duk ɗaya ne a wurinsa. Da aka watse sai ga shi ya lallaɓo ƙarƙashin dandamali.

"Maestra, don girman Allah kada ki bar ni. Kin fa san kan nan nawa."

"Na san shi tun yana da gashi. Tafi ka sha ruwa."

Aka daidaita: rami zai zauna, amma da hannu kaɗai za ta yi aiki. Ghidoni ya kira ta gefe yana murza yatsu. "Maestra, kalma ɗaya in ta fito daga bakinki, sai dai ki yi haƙuri, za a toshe ramin. Ba ni na faɗa ba, a rubuce yake." Ta ce ta ji.

Aka ɗauki wasan ranar Lahadi bayan azahar, sau ɗaya tak, gida cike maƙil. A nan babban kuskuren Cesarani ya fito. Ya sa Fulvio ya yi waƙar bankwana yana kwance rigingine a kan bencin tasha, idonsa a rufin ɗaki. Mutumin da aka ce da hannu za a yi masa tuni, an kwantar da shi inda ba zai ga hannun ba. Duk mai share dandamali ya san wannan ba zai yiwu ba, amma wa ya tambaye su?

A baiti na biyu kan Fulvio ya ɗauke. Makaɗa suka ja sauti suna jira. Kun san halinmu 'yan sama: mawaƙi in ya kuskure, fito muke yi masa har ya rasa ƙofar fita, kuma wannan karon duniya za ta gani. Na ji na kusa da ni ya ja iska zai sa yatsu a baki. Sai wata busasshiyar murya ta fito daga ƙasa da kalma uku. Fulvio ya cafke, ya kai waƙar ƙarshe, gida ya ɗauki tafi.

Sauran kuwa abin kunya ne. Wata jarida ta rubuta cewa fim ɗin ba shi da aibi sai "kukan wata tsohuwa". Fulvio ya zauna a talabijin da sabon kwat ya ce shirun nan da gangan ya yi shi don nuna baƙin ciki, wata ce ta yi masa katsalandan. Ghidoni ya kira kafintoci suka toshe ramin, ya sallame ta da jawabin minti biyu. Da aka sake fitar da fim ɗin an goge muryarta tas, yanzu masana suna cewa wannan shirun shi ne gwanintar fim ɗin gaba ɗaya. A jerin sunayen ƙarshe akwai direbobi, akwai mai kawo abinci. Babu nata. Wallahi abin nan yana ci mini rai.

Makon jiya na je gidanta da hantsi, na tarar tana murza kwaɓin taliya.

"Kin kalla, Maestra?"

"Sau biyu. Yarinyar nan jarumar ta yi ƙoƙari, Oreste, kada ka rage mata a rubutunka."

"Fulvio ya zo?"

"Ya aiko direbansa da furanni."

"Kuma ba ki ji haushinsa ba?"

Ta ajiye muciyar murzawa. "Ka ƙirga shirun nan? Daƙiƙa huɗu ne. Ni ban taɓa barin mawaƙi ya kai ɗaya ba. Tun kafin ya manta na gani a maƙogwaronsa zai manta. Ɗaya tasa ce, ukun nawa ne. Tunanin ramina na tsaya yi." Ta goge hannu a zanen girkinta. "Wannan ne yake damuna, ba Fulvio ba."

Maestra, ke ce uwar masu mantuwa. Ke ce kika ciyar da manya kalma a baki suka tashi suka ce ba su san ki ba. An toshe ramin, an goge muryar, amma ke kanki kike tuhuma, su kuwa ko gezau. Mun gode miki, mu da muka yi shekara arba'in muna tafa wa aikinki da sunan wasu. Ku masu aiki a inda ido ba ya kaiwa, ku yi koyi da ita, ko da yake ba zan yaudare ku in ce za a gode muku ba.

Ku kuma masu kallo, ku kalli fim ɗin, ya cancanci kallo. Amma in kun iso wurin shirun nan, kada ku yaba wa kowa. Wata tsohuwa ce a ƙarƙashin katako take zaɓa tsakanin aikinta da mutuncin ɗan mutane. Daƙiƙa uku ta ɗauka. Da mu ne, da har yanzu Fulvio yana kwance a kan bencin nan yana jira.