Butar Baffa

"Wai wa ke ƙarar mana da ruwan jarka?" in ji matata. Ni kam na riga na lura: tun jiya butar mahaifinta, Baffa, ba ta huta ba.

Baffa yana zaune wurinmu a Ƙafin Maiyaki, yana karɓar maganin ciwon daji a Kano, irin wanda ke zaburar da garkuwar jiki. Kafin a fara, likita ta duba jininsa, ta ji labarin tsohon ciwon cikinsa, ta ce mai yiwuwa garkuwar ta juyo kan hanjinsa. Da an ga gudawa a kawo shi, kada a jira.

To amma Bafulatanin Falgore ne zai gaya wa surukinsa yana gudawa? Haba!

Na fito da babur, na je na durƙusa.

"Baffa, likita na nemanka."

"Ta kira ne?"

"A'a, butarka ce ta kai ƙara."

Ya kau da kai. "Yaron nan, ba ka da kunya." Sai kuma ya ce a miƙo masa hularsa.

Likita ta ce mun zo da wuri, ciwon hanjin bai yi nisa ba. Alhamdulillahi.

Ku masu jinyar dattawa, in baki ya ƙi faɗa, me kuke dubawa?